Kayan da Ke Karya Soja Kafin Ya Ga Abokin Gaba

Tsakanin 2004 da 2007, jiragen sama sun yi ta jigilar sojojin Amurka marasa lafiya daga Iraƙi da Afganistan, akasari zuwa babban asibitin soja na Landstuhl da ke Jamus. Mutum 34,006 aka kwaso a wannan tsakani. Wasu likitoci ƙarƙashin jagorancin Steven Cohen na Jami'ar Johns Hopkins suka bi takardunsu ɗaya bayan ɗaya, suka buga abin da suka gano a mujallar Lancet a 2010. Waɗanda harsashi ko bam ya raunata kashi 14 ne cikin ɗari. Kaso mafi girma, kashi 24, babu wanda ya harbe su: gwiwa ce ta ƙi, kafaɗa ta goce, idon sawu ya gurɗe, ƙashi ya tsage. Ciwon baya da na wuya ma daban aka lissafa shi, ya kwashi wani kashi 7. A shekarun da yaƙin Iraƙi ya fi ƙamari ke nan.

A bariki, inda ba a jin ƙarar bindiga sai a filin koyon harbi, lamarin bai canza zani ba. Rahotannin lafiya na shekara-shekara na rundunar sojan ƙasa ta Amurka suna nuna cewa kusan rabin sojojinta kan ji wani rauni kowace shekara, kuma kusan kashi 70 na raunukan ba faɗuwa ko haɗari ne ya kawo su ba. Ciwo ne da ke taruwa a hankali, daga gudu, da tattaki, da ɗaukar kaya, da maimaita motsi guda har gaɓa ta gaji.

Wannan ne ya sa manyan rundunoni suka rungumi ilimin daidaita aiki da jikin mai yin sa, wanda Turawa ke kira agonomiks. Ana shirya wa sojoji darussa, ana manna hotuna a bangon ma'ajiyar makamai da garejin motoci: ga yadda ake durƙusawa a ɗaga akwati, ga yadda ake zama gaban kwamfuta. Darussan suna da amfaninsu. Amma duk wanda ya bi tarihin binciken da sojoji suka yi a kan jikinsu zai tarar da wani abu da ba a cika son faɗa a gaban manya ba. Kusan duk lokacin da raunuka suka ragu sosai, hafsa ne ya canza umarni. Ba kurtu ne ya ƙara iya durƙuso ba.

Nawa ne kayan?

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, janar ɗin Rumawa Gayus Mariyus ya rage ayarin dabbobin da ke bin rundunarsa, ya ɗora wa kowane soja abincinsa da tukunyarsa da kayan haƙa rami. Mutanen Rum suka riƙa kiran sojojin alfadaran Mariyus. Tun daga nan ba a daina ƙorafi ba. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme, sojojin Ingila sun fito daga ramuka suka doshi bindigogi masu jigida na Jamusawa ɗauke da kimanin kilo 30 kowannensu, nauyin da ya sa ko sassarfa ta gagari da yawa. A 1982, a tsibiran Falkland, sojojin ƙundunbala na Birtaniya sun taka kusan kilomita 90 cikin kwana uku daga San Carlos zuwa wajen Stanley, cikin sanyi da taɓo, da kilo 36 ko fiye a bayansu.

Wani marubucin tarihin yaƙi na Amurka, S.L.A. Marshall, ya fitar da ɗan littafi a 1950 kan kayan soja, inda ya ce kada a ɗora wa mutum fiye da sulusin nauyin jikinsa a atisaye, a fagen fama kuma a rage. Hujjarsa ita ce tsoro da kansa yana cin ƙarfi, don haka wanda ya iya ɗaukar kaya a filin fareti ba lallai ya iya ɗaga su ba idan wuta ta buɗe. Ya kawo misalin waɗanda ruwa ya ci a gaɓar Normandi a 1944 saboda abin da aka ɗaura musu a jiki. An soki Marshall daga baya kan yadda yake tattara wasu alƙalumansa, amma wannan magana ta sulusi ta zauna. Littafin ƙa'idar tattaki na sojan Amurka ya daɗe yana cewa kayan faɗa kada su wuce kilo 22, na tafiya zuwa fagen fama kada su wuce kilo 33.

A 2003 aka tura wata tawaga Afganistan da ma'auni, ta riƙa auna sojojin laima na runduna ta 82 kafin su fita sintiri. Matsakaicin kayan faɗa ya kai kilo 29. Na tafiya ya kusa 44. Idan za a daɗe ba a samu an kawo tallafi ba, ya doshi 58. Buhun siminti guda kilo 50 ne, kuma a kan duwatsu ake hawa da wannan kaya, inda iska ba ta isar huhu.

Me ke cikin kayan? Rigar sulke da farantanta na gaba da baya, hular kwano, bindiga, harsasai, ruwa, rediyo, da batura iri-iri, domin kowace sabuwar na'ura da baturinta take zuwa. Kowane ɗaya da ofishin da ya ƙera shi kuma yake da hujjar cewa ba za a bar shi ba. Babu ofishin da ke da alhakin jimillar. Shi kuma kwamandan da zai sa hannu a jerin kayan yana lissafi irin nasa: idan ya ce a ajiye farantan gefe aka harbi yaro a haƙarƙari, shi za a tuhuma a wannan makon. Idan ya ce a ɗauki komai, gwiwar yaron ta lalace bayan shekara takwas, ba wanda zai tuna sunansa.

Akwai dabarun da ake koyarwa, kuma suna rage wahala. Abu mai nauyi a sa shi sama cikin jakar goyo, ya manne da gadon baya, ba a ƙasa yana rinjayar mutum ba. A ɗaure ɗamarar jakar a kan ƙashin ƙugu, domin tana sauke wa kafaɗa kusan sulusin nauyin. In ba haka ba igiyoyin kan danne jijiyoyin da suka bi ta gindin wuya zuwa hannu, soja ya wayi gari hannunsa ya yi sanyi, ko bindiga ba ya iya ɗagawa. Masu bincike a cibiyar likitancin soja ta Natick, a jihar Massachusetts, sun nuna tun 1969 cewa kilo ɗaya a ƙafa yana cin ƙarfi kamar kilo biyar a baya, abin da ya sa nauyin takalmi ba ƙaramar magana ba ce. Safa biyu, ta ciki siririya mai janye gumi, tana rage bororo. Sannan kada a diro daga bayan mota da kaya a jiki: a miƙa jakar ƙasa tukuna, a sauko ta matakala.

Mu ma muna da rabonmu a wannan tarihi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙin Boma da dubban 'yan Arewa a cikinsu, sun ratsa dazuzzukan da mota ba ta shiga ne saboda suna da rukunin 'yan dako masu ɗaukar albarusai da abinci a ka. Turawa sun yaba ƙwarai. A 1986 wasu masana suka auna matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka ga suna ɗaukar abin da ya kai kashi 20 na nauyin jikinsu a ka ba tare da numfashinsu ya ƙaru ba. Binciken da aka yi daga baya a Afirka ta Kudu ya nuna ba kowace mace ke da wannan baiwa ba, kuma da yawa suna kukan wuya. Gammo yana kare fatar kai, bai taɓa rage wa ƙashin wuya ko giram ɗaya ba.

Yadda ƙashi ke tsagewa ba tare da an faɗi ba

A 1855 wani likitan sojan Farusha mai suna Breithaupt ya bayyana wata larura da ke damun sababbin kurata bayan doguwar tafiya: bayan ƙafa ya kumbura, taku ya gagara, alhali ba su yi tuntuɓe ba. Sai bayan da aka gano hoton ƙashi a 1895 aka ga cewa siraran ƙasusuwan tafin ƙafa ne ke tsagewa.

Ƙashi rayayyen abu ne. Idan aka ƙara masa aiki, jiki kan tura wasu ƙwayoyin halitta su kankare wuraren da suka gaji, wasu su biyo baya su cike da sabo. Kankarewar makonni kaɗan take ɗauka, cikewar kuwa watanni. Kamar magini ne ya ɓamɓare tsohon yaɓen katanga, sabon bai bushe ba damina ta sauka. A wannan tsakani ƙashin ya fi rauni fiye da ranar da yaron ya shigo bariki, kuma daidai lokacin ne huhunsa da tsokarsa suka fara sabawa, yana jin ƙarfi, masu horarwa suna ƙara nisa. Ciwon kan fara a ƙwauri, wuri guda da za a iya nunawa da ɗan yatsa. Da farko sai an yi gudu yake tashi, daga baya ko tafiya, daga baya har cikin dare. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a makonni biyu ko uku na farko, sai a ce wa yaro lafiyarsa ƙalau, ya koma layi. Mafi haɗari shi ne wanda ke kama wuyan ƙashin cinya, wanda alamarsa ɗan ciwo ne a matsematsi. Idan aka ci gaba da gudu a kansa ya rabu biyu, jini na iya daina isa kan ƙashin, saurayi ɗan shekara 19 ya ƙare da ƙugun ƙarfe.

A Isra'ila, Charles Milgrom da abokan aikinsa sun bi kurata 295 a farkon shekarun 1980, suka tarar kashi 31 cikin ɗari sun samu irin wannan tsagewa. An shafe shekaru ana gwada takalma da shimfiɗun cikin takalmi iri-iri, ba a ga wani abin kirki ba. Abin da ya sauko da adadin daga baya shi ne rage yawan tattaki da tilasta wa kwamandoji su bar kurata su yi barci.

A sansanin horar da sojojin ruwa na Amurka da ke San Diego an kwatanta rukunoni da aka bai wa gudu daban-daban a makonni 12 na horo. Waɗanda suka yi kimanin kilomita 89, kashi 3.7 sun samu tsagewar ƙashi. Waɗanda suka yi kilomita 53, kashi 1.7. Da aka zo jarrabawar gudun mil uku ta ƙarshe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kusan rabin minti ba. Wato an ninka yawan masu karaya don a sayi daƙiƙa talatin.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili daga Kapooka ya zo, inda Ostareliya ke horar da kuratanta. A 1991 zuwa 1992, kashi 11.2 na kurata mata sun samu tsagewar ƙashin ƙugu, maza kuwa kashi 0.1. Mai saurin yanke hukunci zai ce ai ga shi nan, mata ba za su iya ba. Rodney Pope, wani masanin gashin ƙashi da ke aiki a wurin, ya duba yadda ake tafiyar ne. Ana jera kurata, a buga taku ɗaya, dogayen maza su ne ma'auni. Mace mai gajeren ƙafa dole ta buɗe taku fiye da yadda ƙugunta ke iyawa, ta dira dunduniya da ƙarfi a kan kwalta, sau dubbai a yini, tsokar cinya tana fizgar ƙashin mara a kowane taku. Aka rage saurin tattaki daga kilomita 7.5 a awa zuwa 5. Aka ce kowa ya yi takun da ya dace da tsawonsa, aka buɗe sahu, aka mayar da gudu kan ƙasa mai laushi, aka maye gurbin dogon gudu da gajeru masu hutu a tsakani. A rukunin da ya biyo baya, adadin ya faɗo zuwa kashi 0.6. Ba a sayi na'ura ko ɗaya ba.

Abinci ma ya shigo ciki. A sansanin sojan ruwa na Great Lakes an raba wa kurata mata fiye da 5,000 ƙwayoyi, rabi na sinadarin kalsiyam da bitamin D, rabi na bogi, aka ga tsagewar ƙashi ta ragu da kusan kashi 20 a wajen masu shan na gaske.

Abubuwan da aka yi imani da su, suka ba da kunya

Shi dai Pope ɗin ya sake wani gwaji a Kapooka da kurata 1,538. Rabi suna miƙe jijiyoyin ƙafa kafin kowane atisaye, kamar yadda kowane malamin motsa jiki ya gada, rabi kuma ɗumama jiki kawai suke yi. Sakamakon da ya fito a 2000 bai nuna wani bambancin a-zo-a-gani ba. Abin da ya fi nuna wanda zai ji rauni shi ne rashin ƙarfin numfashin da ya zo da shi daga gida. Joseph Knapik, wanda ya shafe shekaru yana nazarin raunukan sojan Amurka, ya gwada al'adar nan ta duba tafin ƙafa a zaɓa wa mutum takalmin gudu gwargwadon lanƙwasarsa. An gwada a sojan ƙasa, da na sama, da na ruwa, dubban mutane, raunuka ba su ragu ba.

Darasin ɗaga kaya fa? Mafi girman gwajin da aka yi masa ba a bariki ba ne, a gidan waya ne na Amurka, inda aka bi ma'aikata kusan 4,000 sama da shekara biyar. An koya wa rabinsu yadda ƙashin baya yake da yadda ake ɗaga abu, ana dawowa ana tuna musu. Da aka buga sakamakon a 1997, waɗanda aka koyar sun fi sanin amsar tambayoyi, amma bayansu bai fi na sauran lafiya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin mutane za su ɗaga lafiya, shi ma idan kayan na kusa da jiki, a daidai ƙugu, da wurin kamawa, ba juyi, ba maimaici. Harsashin igwa mai milimita 155 ya haura kilo 40, kuma mai ɗura shi juyawa yake yi da shi, cikin sauri, sau da yawa a jere. Makaniken da ke cire tayar motar sulke, ko yake kwance ƙarƙashinta hannu a sama tsawon awa guda, babu salon durƙuson da zai cece shi. Abin da zai cece shi ƙugiyar ɗaga kaya ce, da amalanke, da teburin aiki mai daidai tsayi, da dokar cewa wannan akwati mutum biyu ke ɗaukar sa, sannan a ba da mutum biyun. Darasi ya fi araha, shi ya sa ake son sa. Yana da wata fa'ida kuma da ba a rubutawa: idan soja ya sa hannu cewa an koya masa, ranar da bayansa ya riƙe, laifin ya koma kansa.

A gyara kujera, a bar matuƙi

Abin mamaki, a cikin soja aka haifi wannan ilimi, kuma da wannan darasi aka haife shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen B-17 sun riƙa faɗuwa a kan cikinsu bayan sun sauka lafiya, ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. Wani matashin laftana masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba. Makunnin naɗe tayoyi da na saukar da fiffiken birki iri ɗaya ne sak, kuma kusa da juna. Matuƙin da ya kwana yana shawagi, idonsa na kan titin sauka, sai ya laluba ya taɓa wanda bai yi niyya ba. Chapanis ya sa aka liƙa ɗan ƙaramin taya na roba a kan ɗaya, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai gane ko a duhu. Irin wannan haɗari ya kau.

A 1950 kuma, rundunar sojan sama ta auna jikin matuƙa 4,063, da nufin sabunta ma'aunin matsakaicin mutum da ake ƙera kujera da shi. Wani laftana, Gilbert Daniels, ya ɗauki ma'aunai goma, irin su tsayi da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya tambaya mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a duka goman. Ko ɗaya babu. Daga nan aka tilasta wa kamfanoni su ƙera kujeru da fedoji masu matsawa gaba da baya, irin waɗanda yau kowane direba ke ja.

Duk da haka sai a 2012 sojan ƙasa na Amurka ya fara gwada rigar sulken da aka yanka don jikin mace, a kan matan runduna ta 101. Kafin nan ƙaramar ta maza ake ba su. Tana sauka ta danne cinya idan an zauna, faɗin kafaɗarta yana hana gindin bindiga zama inda ya kamata, kuma tana barin giɓi a gefen ƙirji. Matuƙan jirage masu saukar ungulu na nan da nasu: zaman doro na awanni a kan kujera mai karkarwa, da tabaran ganin dare da ke rataye a gaban hular kwano yana jan wuya ƙasa.

Kunne kuwa shi ne marayan gaɓoɓi. Ƙarar da ta wuce ma'auni 85 tana lahani idan aka yini cikinta, harbin bindiga ɗaya kuma ya haura 150. Shi ya sa ƙugin kunne ya zama larura ta ɗaya da ma'aikatar kula da mazan jiya ta Amurka ke biyan diyya a kanta. A Agustan 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya dala biliyan 6 don sasanta ƙararrakin tsofaffin sojoji kusan 250,000, waɗanda suka ce toshen kunnen da aka raba musu yana sassautowa ba su sani ba. Kamfanin bai amsa laifi ba.

Shirun bariki

Duk alƙaluman raunukan da ke sama na waɗanda suka je asibiti ne. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda aka yi a wata birged ta sojan ƙasa ba tare da rubuta suna ba, ya gano kusan rabin raunukan ba a taɓa kai su gaban likita ba. Dalilan da sojojin suka bayar sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki a kowace ƙasa: tsoron a rubuta mutum cikin marasa lafiya ya rasa kwas ko ƙarin girma, da gudun a ce lamɓo yake yi. Sai a haɗiye maganin kashe zafi a ɗaure takalmi. Sojojin Amurka har laƙabin bitamin M suka yi wa ƙwayar Motrin saboda yawan shan ta.

Ba a raina wannan hali ba. Aikin soja yana buƙatar mutumin da zai ci gaba da tafiya alhali jikinsa na cewa a tsaya, kuma sajan da ke tsawa a filin horo ya san wata rana ran yaran zai dogara da hakan. Inda gizo ke saƙar shi ne sajan ya iya bambance gajiya, wadda juriya ke maganinta, da ciwon wuri guda a kan ƙashi, wanda juriya ke ƙarasawa. Wannan shi ne horon da ya cancanci a kashe wa kuɗi, kuma kofur da sajan da samanja ne ɗalibansa kafin kurtu.

Amurkawa sun ɗauki hanya mai tsada. Daga 1980 jarrabawar ƙarfinsu ta kasance abu uku: dannawa ƙasa da hannu, tashi daga kwance, da gudun mil biyu. Abin da ake jarrabawa shi ake horarwa, don haka aka yi shekara 40 ana gudu a kan kwalta kowace asuba. Sabuwar jarrabawar da ta kankama a 2022 ta shigo da ɗaga ƙarfe daga ƙasa, da jan kaya mai kilo 40 da baya kamar ana janye wanda aka harba, da gudu da nauyi a hannu biyu. An yi ta gardama a kanta, har aka sake yi mata kwaskwarima a 2025. Ban da ita, an fara wani shiri a 2021 a birged 28, inda aka zaunar da masu gashin ƙashi, da masana abinci, da masu horar da 'yan wasa a cikin rundunar kanta. Hikimar ita ce sojan da ba zai je asibiti ba zai iya tsayawa ya nuna gwiwarsa ga wanda yake gani kullum a filin atisaye, tun ciwon yana ɗan kwana uku.

Rundunar da ba ta da irin wannan kuɗi ba ta rasa abin ɗauka ba. A Zariya, inda Depot ke karɓar kurata tun 1924 tana mayar da farar hula soja cikin wata shida, ko a Jaji da Kaduna, ƙashin ɗan Adam iri ɗaya ne da na Kapooka. Ƙara nisa da nauyi a hankali, sa gajeru a gaban sahu su yanke taku, raba masu gudu gwargwadon ƙarfinsu, barin tsallen kwaɗo da sauran gwale-gwalen da ke cin gwiwa a matsayin horo, ajiye littafin da ake rubuta wane kamfani ne ya fi tura yara asibiti da kuma a wane mako: duk umarni ne, ba kwangila ba. Zafi ma haka. Ma'aunin da duniya ke amfani da shi yau, mai haɗa zafin rana da laimar iska, an ƙirƙiro shi ne a shekarun 1950 saboda kuratan da ke faɗuwa a sansanin Parris Island, aka haɗa shi da tutoci masu launi da ke gaya wa mai horarwa lokacin da zai sassauta ko ya dakata. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Birtaniya ta sake koyon wannan da tsada a Yulin 2013, lokacin da sojoji uku suka mutu sakamakon tattakin gwaji a tsaunukan Brecon Beacons a rana mai tsananin zafi. Wanda ya san Afrilun Maiduguri cikin rigar sulke ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Nauyin kaya ne dai har yanzu ya gagari kowa. Injiniyoyi sun rage nauyin faranti da hula da rediyo, amma duk kilon da aka samu sarari sai a cike shi da ƙarin harsashi ko sabuwar na'ura. An gwada rigar ƙarfe mai inji da za ta ɗaukar wa soja nauyi. Shirin irin wannan riga da dakarun musamman na Amurka suka yi ta tallatawa an rufe shi a 2019. Kamfanin Boston Dynamics ya ƙera wani mutum-mutumi mai ƙafa huɗu da ke bin sojoji da kaya kilo 180, amma a ƙarshen 2015 sojojin ruwa suka ajiye shi, domin ƙarar injinsa za ta tona asirin inda suke, gyaransa a daji kuma aiki ne. Abin da sojan ƙasa ya saya daga baya, daga kamfanin General Dynamics, wata amalanke ce mai taya takwas da ake sarrafawa da na'urar hannu, tana ɗaukar kimanin kilo 450, wato jakunkunan ƙaramin rukuni na mutum tara da ruwansu da baturansu, a duk inda taya za ta iya bi.